Wanda Ya Je Ceto Ya Wuce Gona Da Iri: Ina Matsayinsa A Shari'a?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mu ƙaddara magariba ta gabato a wata unguwa ta cikin birni. Wata ɗaliba tana dawowa daga Islamiyya, sai wani matashi ya tare ta a lungu da wuƙa, yana neman ƙwace wayarta. Ta yi kururuwa. Wani magidanci da ke alwala a ƙofar gidansa ya zabura, ya rarumi wani katako, ya maka wa maharin a hannu. Wuƙa ta faɗi, shi ma ya faɗi, yarinya ta ruga gida. Zuwa nan babu mai hankalin da zai ga laifin magidancin. To amma bai tsaya ba. Zuciya ta ɗebe shi, ya ƙara wa na kwance biyu a ka. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Mun san yadda gari zai waye. Wasu za su ce gwarzo ne, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kuma duk wanda ya taɓa wannan bawan Allah ya zalunce shi. Dangin mamaci kuwa za su ce an kashe musu ɗa yana kwance ba makami a hannunsa, rai kuma bakin rai. Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ya saki rabi. Abin da muke gani shi ne wannan mutum yana da matsayi na tsakiya, kuma wajibi ne hukuncinsa ya zama na tsakiya. Kada a haɗa shi da wanda ya kwana yana wasa wuƙa domin ya kashe abokin gaba, kada kuma a sallame shi da tafi kamar ba a zubar da jini ba.

Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin da ya fi kowane kusa da wannan mas'ala, a cikin Suratul Ƙasas, daga aya ta 15 zuwa ta 19. Annabi Musa (AS) ya shiga birni a lokacin da mutane suka shagala, ya tarar da mutum biyu suna faɗa, ɗaya daga cikin jama'arsa Banu Isra'ila, ɗaya daga mutanen Fir'auna. Na jama'arsa ya nemi agajinsa. Annabi Musa ya naushi ɗayan, sai ajali ya zo da naushin. Malaman tafsiri sun bayyana cewa bai yi nufin kisa ba, nufinsa ya tunkuɗe wanda ya gani a matsayin azzalumi, kuma wannan ya faru ne kafin a aiko shi da manzanci. Duk da haka bai tsaya yana kafa hujja da kyakkyawar niyyarsa ba. Ya danganta abin da ya faru ga aikin Shaiɗan, ya nemi gafarar Ubangijinsa, Allah kuwa Ya gafarta masa. Ya kuma tabbata a hadisin ceto, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa ranar Alƙiyama idan mutane suka je wurinsa neman ceto, zai tuna da wannan rai da ya kashe ba tare da an umarce shi ba.

Mu lura da abubuwa biyu a nan. Na farko, wanda ya mutu daga ɓangaren maƙiya yake, daga al'ummar da ke yanka 'ya'yan Banu Isra'ila, amma hakan bai sa jininsa ya zama mara nauyi a zuciyar Annabi Musa ba. Na biyu, washegari sai ga mutumin nan da aka ceta jiya yana sake kururuwar neman agaji a wani sabon faɗan, har Annabi Musa ya gaya masa cewa ɓatansa a fili yake. Ashe wanda ya fi ɗaga murya ba dole ne shi ne mai gaskiya ba. Mai zuwa ceto yakan tarar da faɗa a tsakiyarsa, bai ga farkonsa ba, kuma sau da yawa zuciyarsa ta riga ta zaɓi ɓangare tun kafin idonsa ya gama gani.

Wannan ba ya nufin mu naɗe hannu idan ana zaluntar wani a gabanmu. Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da taimakon wanda aka zalunta, ya kuma bayyana cewa hana azzalumi zalunci shi ma taimako ne gare shi. Malaman fiƙihu sun keɓe babi guda kan tunkuɗe mai kawo hari, wanda suke kira daf'us sa'il, kuma sun haɗa kare kai da kare iyali da kare wani a ƙarƙashinsa. Idan mutum ya tsaya a iyakar da ake buƙata, to babu ƙisasi a kansa, babu diyya. Shaida a kan haka ita ce mutumin da wani ya cije shi a hannu, ya fizge hannunsa har haƙorin mai cizon ya fita; da suka kai ƙara, Manzon Allah (SAW) bai ɗora wa mai hannun komai ba. Haka nan an ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar (RA) wani ya nemi keta mutuncin wata mace, ta jefe shi da dutse ya mutu, Umar ya hukunta cewa ba za a biya diyyarsa ba.

Sai dai wannan izini yana da matakai. A hadisin da Nasa'i ya ruwaito, wani ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da wanda ya zo zai ƙwace masa dukiya. Aka ce ya fara tunatar da shi Allah. In bai ji ba, ya nemi taimakon Musulmin da ke kusa. In babu su, ya nemi taimakon hukuma. Sai idan hukuma ta yi nisa ne aka ba shi izinin faɗa. Shehu Khalil, a cikin Mukhtasar ɗinsa da aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu, ya bi wannan tsari: a fara da gargaɗi ga maharin da zai fahimta, kuma ba a nufin kashe shi sai an san cewa ba zai tunkuɗu ba sai da kisa. Ƙa'idar a taƙaice ita ce a fara da mafi sauƙi. Wanda tsawa za ta kore shi ba a ɗaga masa sanda, wanda sanda za ta tsayar da shi ba a zare masa wuƙa, wanda kuma ya juya baya ya gudu ko ya faɗi warwas, to harinsa ya ƙare, izinin dukansa ma ya ƙare tare da shi.

Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce zuciyar mas'alar. Alfarmar jinin mahari tana faɗuwa ne gwargwadon harin da kuma tsawon lokacinsa. Da zarar haɗari ya gushe, alfarmar ta dawo. Mu tuna da Usama bin Zaid (RA), wanda Manzon Allah (SAW) yake ƙauna matuƙa. A fagen fama ya rinjayi wani mutum, mutumin ya furta kalmar shahada, Usama ya soke shi bisa zaton tsoron takobi ne ya sa shi faɗa. Manzon Allah (SAW) ya yi ta maimaita masa faɗa har Usama ya yi burin da ma a ranar ya musulunta. Idan a tsakiyar yaƙi ana tuhumar sahabi kan sara ɗaya da ya zo bayan abokin karawa ya sallama, ina ga mu a lungunan unguwa?

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999, wanda ya kare haƙƙin rayuwa, ya keɓe yin amfani da ƙarfi domin kare kowane mutum daga cin zarafi, da sharaɗin ƙarfin ya zama daidai da abin da hankali zai ga ana buƙata. Kundin hukunta laifuffuka na Arewa, wato Penal Code, wanda ya fara aiki a 1960, ya ba kowa haƙƙin kare jikinsa da jikin wani a sashe na 60, ya kuma hana yin ɓarnar da ta wuce buƙata a sashe na 62. Sannan a sashe na 222 ya fitar da wanda ya wuce iyaka wajen kariya daga jerin waɗanda ake yanke wa hukuncin kisa, muddin da zuciya ɗaya ya shiga, bai shirya kisan tun farko ba, kuma bai yi nufin ɓarnar da ta wuce buƙata ba. Hukuncinsa yana sashe na 224: ɗaurin rai da rai, ko abin da ya gaza haka, ko tara, ko duka biyun. Wasu jihohi sun sabunta kundinsu, lambobin sassan suka canja, amma wannan matsayi na tsakiya tsohon abu ne a dokokinmu.

Mai karatu zai ga irin faɗin filin da aka bar wa alƙali: daga tara har zuwa ɗaurin rai da rai. A wannan fili ne adalci ko rashinsa yake faruwa, kuma a nan ne muke ganin ya kamata a yi awo da ma'auni bayyananne.

Abu na farko da za a duba shi ne girman haɗarin da wanda aka ceta yake ciki. Wanda ya ga an ɗora wa yarinya wuƙa a wuya ba ɗaya yake da wanda ya tarar ana cacar baki ba. Na biyu, tazarar da ke tsakanin gushewar haɗari da bugun ƙarshe. Bugun da ya biyo baya cikin ƙiftawar ido, jiki na rawa, mutum bai tabbatar ko maharin zai sake tashi ba, ya bambanta da na wanda ya huta, ya ga jama'a sun taru sun riƙe ɓarawo, sannan ya dawo ya huce haushi. Na farkon ragowar tsoro ne, na biyun ramuwar gayya ce. Na uku, makamin: abin da hannu ya tsinta a wurin, ko abin da aka fito da shi daga gida da shiri? Na huɗu, ko akwai tsohuwar jiƙaƙƙa tsakaninsa da mamacin, domin sau da yawa ana fakewa da ceto a biya tsohon bashi. Na biyar, abin da ya yi bayan abin ya faru: ya nemi a kai wanda ya buga asibiti, ya miƙa kansa ga hukuma, ko kuwa ya tsere ya ɓoye shaida? Alƙalin da ya auna waɗannan, ya kuma bayyana su a cikin hukuncinsa, ya sauke nauyin ɓangarorin biyu, ko da babu wanda ya fita kotu yana murna.

A ɓangaren fiƙihu akwai wata wahala da bai kamata mu ɓoye wa ɗalibai ba. Mashahurin zance a mazhabar Imam Malik shi ne kisa kashi biyu ne kawai, ganganci da kuskure, in ban da mas'alar uba da ɗansa, inda ake tsananta diyya. Saboda haka dukan da aka yi da nufin cutarwa, ko da da sanda ne, idan ya kai ga mutuwa yana iya jawo ƙisasi. Mazhabobin Abu Hanifa da Shafi'i da Ahmad kuwa sun tabbatar da kashi na uku, wato mai kama da ganganci: mutum ya yi nufin duka bai yi nufin kisa ba, da abin da bisa al'ada ba ya kisa. Hujjarsu ita ce hadisin da Abu Dawud da Nasa'i da Ibn Majah suka ruwaito game da wanda aka kashe da bulala ko sanda, inda aka wajabta raƙuma 100, guda 40 daga ciki masu ciki. Kotunan Shari'a na jihohinmu, tun daga Zamfara da ta fara a shekarar 2000, a kan mazhabar Malik suka gina dokokinsu. Muna ganin lokaci ya yi da malamai da masu tsara doka za su zauna su fayyace matsayin wanda ya wuce iyaka wajen ceto, su amfana da faɗin da ke cikin maganganun magabata, domin kada alƙali ya tsinci kansa da ƙofa biyu kacal, ta kisa da ta sallama.

Ko a cikin mazhabar Malik ɗin ma ƙofa ta uku a buɗe take, ita ce ta magadan mamaci. Aya ta 178 ta Suratul Baƙara, wadda ta wajabta ƙisasi, ita ce kuma ta buɗe hanyar afuwa da karɓar diyya, ta kira hakan sauƙi da rahama daga Ubangiji. Anas bin Malik (RA) ya ba da labarin cewa ba a taɓa kai wa Manzon Allah (SAW) ƙarar da ta shafi ƙisasi ba face ya yi umarni da afuwa. Idan magada suka yafe kisan ganganci, Malikiyya sun ce ana yi wa wanda ya yi kisan bulala 100 da ɗaurin shekara guda, domin haƙƙin jama'a bai faɗi da afuwar dangi ba. Diyyar rai kuwa raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Dinari 1,000 ya kai kimanin kilo 4.25 na zinariya, abin da talaka ba zai iya tarawa ba ko da ya sayar da gidansa, sai dai magada suna da ikon yin sulhu a kan abin da ya gaza haka. A nan ne aikin limamai da masu unguwanni da dattawa yake. Unguwar da ta kira mutum gwarzo, to ta nuna gaskiyar yabonta ta hanyar taya shi ɗaukar nauyin sulhu, ta kuma taka zuwa gidan mamaci ta yi ta'aziyya, domin uwar da ta haifi ɓarawo ita ma uwa ce.

Za a ce mana, idan ana hukunta mai ceto, gobe wa zai ceci wani? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ba mu raina ta ba. Mun ga yadda ake yi wa mutum fashi da rana tsaka jama'a na kallo, wasu ma suna ɗauka a waya, kowa yana tsoron abin da zai biyo baya. Amma maganin wannan tsoro shi ne a gaggauta wanke wanda ya tsaya a kan iyaka, kada ya shafe shekaru a gidan yari yana jiran shari'a, a kuma sassauta wa wanda ya ɗan zarce cikin firgici. Idan kuwa aka ce duk wanda ya ambaci ceto ya kuɓuta, to an ba kowane mai gaba lasisin kisa, sai dai kawai ya nemi wanda zai yi masa kururuwa. Shi ya sa a cikin Muwaɗɗa, lokacin da aka tambayi Sayyidina Ali (RA) game da mutumin Sham da ya yi kisa yana cewa ya tarar da wani tare da matarsa, ya hukunta cewa in bai kawo shaidu huɗu ba a miƙa shi ga dangin mamaci. Mamaci ba ya magana, don haka ba a karɓar labarin wanda ya rayu haka kawai.

Watan Maris na 2025 ya nuna mana gefe biyu na wannan haɗari. A ranar 7 ga watan, Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi daga Jihar Adamawa, wanda ya kashe wani makiyayi a wani faɗa da aka yi a gona a 2015. Shi ya ce makiyayin ne ya fara kai masa hari da wuƙa, ya ƙwace ta ya soke shi. Mafi rinjayen alƙalan suka ga cewa bayan ya ƙwace wuƙar yana da damar tserewa, mai shari'a ɗaya ta saɓa musu, kuma a ƙarshen shekarar gwamnan jihar ya yi masa afuwa. Wannan kare kai ne, amma ma'auninsa ɗaya ne da na kare wani. Abin takaici shi ne yadda muhawarar jama'a ta bi layin addini da ƙabila, wasu na cewa a rataye, wasu na cewa babu laifi ko kaɗan, kaɗan ne suka tsaya suna tambayar ko akwai matsayi tsakanin biyun. A ƙarshen watan kuma, ana gab da Ƙaramar Sallah, aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo suna kan hanyar komawa gida, bisa zargin masu garkuwa da mutane ne. Waɗanda suka aikata wannan ta'asa su ma da sunan kare jama'a suka yi. Mun yi kuka a kan Uromi, kuma kukanmu gaskiya ne. To ya wajaba mu tambayi kanmu abin da muke yi idan aka yi ihun ɓarawo a kasuwanninmu. Taron da ya rufar wa wanda aka riga aka kama ba shi da rabo a cikin sassaucin da muke magana a kai, domin babu sauran wanda ake ceta. Aya ta 33 ta Suratul Isra'i ta hana ko da waliyyin wanda aka kashe bisa zalunci ya wuce iyaka wajen kisa, alhali shi ne mai haƙƙi, balle ɗan kallo.

Kiranmu ga magidanta shi ne mu koya wa 'ya'yanmu jarunta tare da linzaminta. Su san cewa gudu daga wanda ake zalunta abin kunya ne, su kuma san inda ake tsayawa: idan wuƙa ta faɗi, a take ta, idan mahari ya faɗi, a ɗaure shi a kira hukuma, idan ya ji rauni, a kai shi asibiti. 'Yan sintirin unguwanni sun fi kowa buƙatar wannan darasi, domin su ne suke kwana da makami a hannu. Ɗaliban ilimi kuma su koma babin jini a cikin Risala da Mukhtasar su karanta shi da idon wannan zamani, su kawo shi kan mumbari kamar yadda suke kawo babin tsarki da na azumi. Manzon Allah (SAW) ya sanar da mu cewa jini shi ne farkon abin da za a yi hukunci a kansa tsakanin mutane ranar Alƙiyama, abin da yake haka kuwa bai kamata ya zama na ƙarshe a karatunmu ba.

Shi kuwa magidancin nan da muka fara da shi, muna roƙa masa alƙali mai tsoron Allah, wanda zai tuna da yarinyar da ta koma gida da ranta, ya kuma tuna da bugu biyun da suka biyo baya. Muna kuma roƙa masa zuciya irin ta Annabi Musa (AS), wadda ba ta jira yabon jama'a ba ta koma ga Ubangijinta tana neman gafara.

Allah Ya tsare hannayenmu daga jinin bayinSa, Ya ba mu ƙarfin taimakon wanda aka zalunta, Ya kuma ba mu ikon mallakar zukatanmu a lokacin fushi. Allah ne Mafi sani.